Uwar Adashe: Gwanar Da Ke Riƙe Da Jarin Matan Bena

Bena gari ne na hatsi. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, kusa da iyakar Zamfara, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, ƙasa kuma ta karɓi masara da dawa da wake da waken suya. Idan kaka ta yi, manyan motoci kan cika kasuwa, 'yan dako na ta lodin buhuna zuwa garuruwa masu nisa. Baƙon da ya ga wannan hada-hada zai ɗauka babu mai kwana da yunwa a nan. Amma ƙaramin manomi ya san yadda shekara take juya masa. A watan Nuwamba da Disamba kowa ke kawo amfaninsa lokaci guda, farashi ya faɗi, kuma daidai lokacin ne bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar biki suke jiransa a ƙofa, dole ya sayar. A watan Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, sai ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar da araha, wannan karon da tsada. Tsakanin waɗannan watanni ne arzikinsa yake zurarewa.

Masu tsara yaƙi da talauci daga ofis sukan ce matsalar talaka rashin kuɗi ce. Matan Bena za su ƙara musu bayani. Kuɗi na shigowa, amma tsilli-tsilli, ɗari biyu yau, ɗari biyar gobe, kafin su haɗu su zama wani abin kirki cefane da magani da mai neman rance sun lashe su. Abin da ke da wuya shi ne a samu dunƙulallen kuɗi a hannu a ranar da za su yi aiki: ranar da buhun gyaɗa yake araha, ranar da taki bai riga ya hau ba, ranar da ɗan rago yake da sauran wata huɗu kafin Layya. A kusan kowace unguwa akwai matar da ta ƙware wajen haɗa ƙananan kuɗi su dunƙule a kan kari. Ita ce uwar adashe. Aikinta gwaninta ce cikakkiya mai ƙa'idoji da dabaru, kuma ta cancanci a zauna a fayyace ta kamar yadda ake fayyace ƙira ko jima ko gini.

Zubi da kwasa

Tsarin a baki mai sauƙi ne. A ce mata 20 sun amince kowace za ta riƙa zuba Naira 2,000 duk mako. Ranar zubi a tara Naira 40,000 a damƙa wa mace ɗaya. Mako na gaba wata ta kwasa, a yi ta tafiya haka har mako 20, kowa ta ɗauka sau ɗaya, zagaye ya cika. Mai ƙarfi kan shiga da hannu biyu, ta zuba Naira 4,000 ta kwasa sau biyu. Marasa ƙarfi biyu kan haɗa hannu ɗaya, kowace ta kawo Naira 1,000, su raba kwasar. Babu kuɗin ruwa, babu jingina, babu cike takarda. Wadda ta kwasa da wuri rance ta samu daga 'yan'uwanta mata, za ta biya sannu a hankali. Wadda ta kwasa a ƙarshe ajiya ta yi a inda hannunta ba zai kai ba, balle hannun wani. Tunda abin da mutum ya zuba shi yake ɗauka, ba ƙari ba ragi, malamai da dama ba su ga aibu a cikinsa ba. A ƙasar Zuru kuwa, inda Musulmi da Kirista suke zaune unguwa ɗaya, wani wurin ma gida ɗaya, adashe na cikin abubuwan da ke zaunar da su a tabarma guda.

Duk wanda ya iya ƙirge zai iya faɗin wannan tsari. Abin da ke raba adashen da ya shekara goma yana tafiya da wanda ya watse a kwasa ta shida ya bar gaba da ƙara a gaban mai unguwa shi ne matar da ke riƙe da shi.

Sanin mutane

Aikinta yana farawa tun kafin a zuba ko sisi. Ita ke zaɓen wadda za ta shiga, kuma ma'auninta daban yake da na banki. Ba ta damu da girman gidan mace ko tsadar zanenta ba. Ta fi son mai tuyar ƙosai wadda kullum ake ganin hayaƙinta da asuba a kan matar attajiri wadda sai ranar da maigida ya ga dama take samu. Abin da take nema shi ne samu mai ɗorewa, komai ƙanƙantarsa, da halin cika alkawari. Za ta bincika a hankali, ba tare da wadda ake bincika ta sani ba: wace sana'a take yi, ta taɓa yin adashe a wata unguwa, yaya suka rabu, mai shago yana binta bashin da ya daɗe, mijinta ya san za ta shiga ko ɓoye masa za ta yi. Amsoshin suna zuwa mata daga bakin rijiya da gidan suna da wurin niƙa.

Baƙuwa ba ta shiga sai wata tsohuwar 'yar zubi ta kawo ta ta tsaya mata, ma'ana idan ta gaza, wadda ta kawo ta ce za ta ɗauki nauyi. Duk da haka a zagayen farko kwasarta can ƙarshe ake ajiye ta. Idan ta yi mako goma sha tara tana zubi ba fashi ba tare da ta taɓa ko kwabo ba, ta gama gabatar da kanta, zagaye na gaba sai a matso da ita gaba. Da wannan dabara ɗaya uwar adashe ta toshe babbar ƙofar ɓarna, wato a kwasa da wuri a ɓace.

Bayan zaɓen mutane sai yanke zubi. A nan ma gwana daban take da 'yar koyo. 'Yar koyo kan kafa adashe a kaka, lokacin da kowa ke jin kuɗi a hannu, ta yanka zubi mai nauyi, a yi ta murna, damina na tsakiya a fara fashi. Gwana da watan Agusta take awo. Takan tambayi kanta: mafi rauni a cikin matan nan, a mako mafi tsanani na shekara, nawa za ta iya fitarwa ba tare da ta taɓa tukunyar 'ya'yanta ba? Wannan shi ne zubi. Mai son ƙari ta ƙara hannu. Ranar zubi ma ba a sa ta da ka. Ana ɗora ta a yammacin ranar kasuwa ko washegari da safe, lokacin da cinikin mako yake ɗaure a bakin zane, kafin buƙatun gida su kwance shi.

Jera kwasa

A nan ne gwanintar take kai maƙura. A al'ada, a wurare da yawa kwasar farko ta uwar adashe ce, ita ce ladan wahalarta. Sauran kuwa wasu kan yi ƙuri'a, kowa ta ɗauki rabonta. Ƙuri'a tana kashe gardama, amma ba ta san wa ke buƙatar me a wane wata ba. Gwanar uwar adashe tana ɗauke da kalandar kowace mace a kanta. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ba ta a farkon kaka, ta sayi gyaɗa buhu-buhu tun tana araha, ta yi ta matsa har bazara. Mai awara ma haka, lokacin da waken suya ya cika kasuwa. Mai turkar rago a ba ta wata huɗu ko biyar kafin Babbar Salla, ta sayi rago maras ƙiba ta ɗaure, ta ciyar da shi dusa da harawa da ƙaiƙayin wake. Mai gona a ba ta a Afrilu ko Mayu, ta kama taki da iri da maganin ciyawa kafin ruwa ya zauna farashi ya tashi. Mai 'ya'ya a makaranta a ba ta a Satumba. Mai aurar da 'ya a ba ta wata ɗaya kafin biki. Kuɗin ɗaya ne, Naira 40,000 ɗin nan ce dai, amma a watan da ya dace takan yi aikin da ninkinta ba zai yi ba a watan da bai dace ba.

Wahalar ita ce buƙatu kan yi karo. Ga yadda irin wannan zama yake kasancewa. An idar da La'asar, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an ajiye faranti a tsakiya. Kwasar makon ta mai daddawa ce, tun farko an san da haka. Sai wata matashiya ta matso kusa da uwar adashe, ta sunkuyar da kai.

"Inna, yaron nan jikin ya ƙi. An ce sai an kai shi Zuru. Ko za a taimaka mini da kwasar yau?"

Uwar adashe ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, domin kwasar ba tata ba ce. Sai ta juya ga mai daddawa.

"Yaya, kin ji abin da ya samu 'yarki. Kalwar da za ki saya, in aka ƙara mako biyu za ta tashi?"

"Mako biyu ba komai, Inna. In ya wuce haka ne zan shiga uku."

"To ga yadda za mu yi. Ita ta ɗauki ta yau. Mako mai zuwa ta mai masa ce, ba za mu taɓa ta ba, shinkafarta ta ƙare. Na sama nawa ne, hannuna na biyu, na bar miki. Ni na koma gurbin 'yar nan a ƙarshe. Kowa ta ji?"

Aka amsa an ji. A cikin 'yan mintoci ta sauya gurbi uku, ta nemi yardar mai haƙƙi a gaban kowa, ta kare wadda jarinta ba zai jure jinkiri ba, ta ɗauki asarar jiran a kanta. Babu wadda ta tashi da ƙulli a zuciya. Irin wannan hukunci ba a koyon sa a rana ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa mata kan bar adashen da ke kusa da gidansu su tafi na wata unguwa, saboda sunan mai riƙe da shi.

Lissafi a gaban kowa

Ƙa'idar gwanaye ita ce kuɗi ba sa kwana a ɗakinsu. A tara, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a miƙa wa mai kwasa ta sake ƙirgawa, a tashi. Abin da bai kwana ba ɓarawo ba zai same shi ba, maigida ba zai ranta ba, zuciya ma ba za ta raya wa mai ajiya komai ba. Da yawa daga cikin tsofaffin iyayen adashe ba su yi boko ba, amma a ka suke riƙe da wa ta zuba, wa ta yi rabi, wa ake bi na makon jiya. Yanzu an fi samun littafi, 'yar gidan mai zuwa sakandare tana rubutawa, uwar tana faɗa mata, kuma idan aka samu saɓani tsakanin littafi da kan tsohuwa, sau da yawa yarinyar ce ta tsallake layi.

Matan da ba sa fita kuwa yara ne ƙafafunsu. Yarinya ta zo da zubi a ƙulle, ta gaida, ta faɗi sunan wadda ta aiko ta, uwar adashe ta kwance a gabanta ta ƙirga, ta ce a gaida ta, a ce ya iso cif. Masaniyar tattalin arziki 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma wallafa littafi a kan rayuwar ƙauyen a 1972, ta ja hankalin masana ga irin cinikin da matan Hausawa ke gudanarwa daga cikin gidajensu ta hannun yara, ciniki mai yawa wanda mai wucewa ta titi ba ya gani. Adashe na cikin abubuwan da ke samar wa irin wannan ciniki jari.

Ranar da aka yi fashi

Kowane adashe yana gamuwa da ranar da wata ba ta kawo ba. Abin da gwana take fara yi shi ne ta cike gurbin daga aljihunta, domin mai kwasa ta karɓi kuɗinta cif. Kwasa ba ta gutsurewa. Ranar da mace ɗaya ta karɓi kwasa da giɓi, sauran duk za su fara tunanin tasu, kuma daga nan adashe yake fara mutuwa. Don haka uwar adashe ta gari takan ajiye wani abu a gefe saboda irin wannan rana.

Sannan ta bi sawu, kuma ba ta bi da hayaniya. Ba ta aika yaro ya tsaya a ƙofar gida yana kiran bashi. Takan bari a yi Magariba, ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Ta yi sallama, ta gaida kowa, ta tambayi yara, ta sha ruwa. Idonta na aiki: an ɗora tukunya ko murhu a sanyaye yake, akwai mai kwance, akuyar da ke ɗaure a can tana nan ko an sayar. Kafin a kai ga maganar kuɗi ta riga ta san ko uzuri ne ko taurin bashi. Idan uzuri ne sai ta ce, "'Yata, na zuba miki na wannan mako. Ki riƙa kawo mini ɗari biyar-biyar har ki cike, ba wanda zai ji." Idan taurin kai ne, akwai matakala: wadda ta tsaya mata, sannan mahaifiyarta ko yayarta, sannan maigidanta. Mai unguwa shi ne na ƙarshe, kuma gwana kan yi shekaru ba ta kai kowa gabansa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka burinta kuɗi su dawo, mutuncin mai bashi kuma ya tsira, domin gobe tare za a zauna a gidan suna.

Ko mutuwa ta gitta akwai hanya. Idan mamaciyar ba ta kwasa ba, a lissafa abin da ta zuba a miƙa wa magada. Idan ta riga ta kwasa, saura bashi ne a kanta, kuma bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado. Sau da yawa 'yarta ko ƙanwarta kan karɓi hannun ta ci gaba da zubi har zagaye ya cika.

Tushen abin

Wannan gwaninta ba daga sama ta faɗo ba. Mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin karɓa-karɓa. Gayya ita ce ta maza a gona: yau a taru a nome ta wane, gobe ta wane, mai gona ya ciyar. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna da golmo, inda samari ke haɗa ƙungiya su riƙa noma gonakin surukan junansu bi da bi, bisa al'ada har shekara bakwai, kafin saurayi ya samu matarsa, kuma bikin Uhola na bayan girbi yana cikin lokutan da ake karrama waɗanda suka kammala. Mata suna da biki, gudummawar da ƙawa ke kai wa ƙawa ranar suna ko aure, wadda ake riƙewa a ka har ranar ramawa. Ga watanda, inda ake haɗa kuɗi a sayi sa a yanka a raba kashi-kashi. Duk tunani ɗaya ne: abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a rana ɗaya, jama'a su ɗauka masa yau, shi ma ya ɗauka musu gobe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar adashe ta ɗauki wannan tsari daga gona ta mayar da shi kan kuɗi. Yarbawa ma suna da irinsa, suna ce masa esusu, kuma bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun tafi da shi har tsibiran Karebiyan, inda ake yin sa har yau.

Daga Maraɗi zuwa duniya

Wanda ke shakkar darajar wannan ilimi ya dubi abin da ya faru a Maraɗi. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri da matan ƙauyukan yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ƙarƙashin wata ma'aikaciya 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Sunan shirin da Hausa aka raɗa shi: Mata Masu Dubara. Maimakon a kawo musu jari daga waje, sai aka ɗora a kan adashen da suka riga suka iya, aka yi masa gyara kaɗan. Mata kimanin 20 zuwa 30 su riƙa haɗuwa duk mako suna zubi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin yana hannun ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kuɗin ba a kwashe su gaba ɗaya, suna taruwa, mai buƙata ta ranta ta yi sana'a ta mayar. Akwai ƙaramin asusu na daban don rashin lafiya da rasuwa da gobara. Bayan wata tara zuwa shekara a fasa, kowa ta ɗauki rabonta gwargwadon zubinta. Inda mata suka ƙi ƙarin da ake ɗorawa a kan rance saboda gudun riba, akan sayi kaya da kuɗin asusu a sayar wa mai buƙata da ribar ciniki da aka amince da ita.

Wannan tsari na matan Hausawan Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, manyan ƙungiyoyin agaji suka ɗauke shi, miliyoyin mutane suna cikinsa a yau. A Nijar ɗin kanta, matan da suka koyi magana da lissafi a gaban akwati sun kai ga tsayawa takara, wasu har suka ci kujerun kansila. Daga baya dabarar ta zagayo gida: shirin tallafa wa matan Najeriya da Bankin Duniya ya amince da shi a 2018 da Dala miliyan 100, wanda Kebbi ke cikin jihohin da aka fara da su, a kan ƙungiyoyin mata masu zubi da rance aka gina shi.

Najeriya ta gwada hanyoyi da yawa daga sama. An yi shirin Better Life na matan karkara a 1987, an kafa bankin People's Bank a 1989 wanda aka narkar da shi cikin bankin manoma a 2000, an kafa hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP a 2001, an ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Kowanne ya amfani wasu, amma kukan da aka sha ji a yawancinsu shi ne bashi ba ya dawowa, domin mai karɓa yana ganin kuɗin gwamnati ne, rabonsa ne ya zo. A tabarmar uwar adashe babu mai wannan tunani. Kuɗin na maƙwabciya ne, an san guminsu, an san fuskar mai su.

Jarrabawar wannan zamani

Shekarun nan sun gwada iyayen adashe gwaji mai tsanani. Hare-haren 'yan bindiga a Danko/Wasagu sun tayar da ƙauyuka, sun hana noma gonaki masu nisa, sun warwatsa mutanen da suka shekara suna zubi tare. Mace ta kwasa, a kore su daga garinsu, ko a sace mijinta a nemi kuɗin fansa. Wa zai bi ta bashin zubi? Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya sa mako ya zo babu abin sa wa a faranti. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta sa wadda ta kwasa a ƙarshe tana karɓar kuɗin da ƙarfinsu ya ragu.

Gwanaye sun nemo mafita daga cikin sana'ar. Sun gajarta zagaye, mutum goma maimakon talatin, don kada kuɗi su daɗe suna narkewa. Wasu sun koma zubin kaya, tiyar masara ko ta wake ko sabulu, tunda tiya tiya ce ko farashi ya hau ko ya sauka. Wasu na karɓar zubi ta waya ko ta hannun mai POS, wanda ya rage hatsarin yawo da kuɗi ya kuma ba wadda ta yi gudun hijira damar ci gaba da zubi daga inda take. Sai dai wayar ta zo da nata sharrin: adashen intanet na mutanen da ba a taɓa gani ba, masu alkawarin a zuba kaɗan a kwashi ninki. Duk uwar adashe ta gaskiya za ta gaya maka cewa adashe ba ya haihuwa. Wanda ya ce zai ba ka fiye da abin da ka zuba ba tare da ciniki ba, kuɗin wani zai ba ka, ranar da masu shiga suka ƙare kuma kai ne za ka biya.

Abin da ya rage a yi

Adashe yana da iyaka. Ba zai gyara hanyar da motocin hatsi ke bi ba, ba zai kawo tsaro ba, ba zai gina asibiti ba, kuma wadda ba ta da ko ɗari biyun zubi tana wajen tabarma. Waɗannan haƙƙi ne a kan hukuma da masu hali da masu fitar da zakka. Amma duk mai son kawo wani shiri na bunƙasa arzikin Bena, gwamnati ce ko ƙungiya ko ɗan gari mai kishi, ya kamata ya fara da zama a gaban waɗannan mata ya saurara. Su suka san wa ke biya, wa ke buƙata, wane wata ne kuɗi ke aiki. A taimaka musu da rumbun ajiya mai tsaro da buhunan da ke hana ƙwari, ƙungiya ta sayi hatsin 'ya'yanta a kaka ta riƙe zuwa bazara, ribar da ke tafiya a manyan motoci ta tsaya a unguwa. A koya wa 'yan matan da ke riƙe musu littafi lissafi mai kyau. A buɗe musu asusun banki da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum uku kamar makullan Maraɗi. A kuma kiyaye kada a zuba musu kuɗin waje da yawa lokaci guda, domin ranar da zubi ya daina zama gumin maƙwabciya, amanar da ke riƙe da shi za ta sassauta.

Sana'ar tana buƙatar magada. Yawancin gwanayen yau a gefen tabarmar iyayensu da kakanninsu suka koya, suna kai aike suna jin yadda ake sasanta rigima. Duk uwar adashen da ta kai shekara goma tana riƙe da amanar mata ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta jawo yarinya ɗaya ko biyu kusa da ita, ta nuna musu yadda ake zaɓen mutum, yadda ake yanke zubi, yadda ake jera kwasa, yadda ake bin bashi da Magariba. Sarakuna da masu unguwanni da shugabannin masallatai da na majami'u kuma su riƙa ambaton waɗannan mata a bainar jama'a kamar yadda ake ambaton sarkin noma, domin jarin da ya tayar da masu ƙosai da masu awara da masu turka na garin nan ta hannunsu ya bi.